Kurakuran da Masu Mota ke Yi Wajen Gyaran Birki da Fitila da Hannunsu

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tashin da farashin kayan gyara ya yi, masu motoci da yawa a Bauchi sun koma yin ƙananan gyare-gyare da kansu. Ranar Asabar da hantsi, idan mutum ya ratsa Yelwa ko Fadaman Mada, da wuya ya rasa ganin magidanci a ƙofar gida ya ɗaga mota a kan jak, sifana a hannu, yaro yana miƙo masa noti. Ban ga laifin wannan ba, domin ni ma ina yi. Abin da ke damuna shi ne birki da fitila sun bambanta da sauran sassan mota: kuskuren da aka yi a cikinsu ba ya nuna kansa a ƙofar gida, sai an hau kwalta, kuma idan ya bayyana ba mai motar kaɗai yake shafa ba.

Kuskure na farko yana faruwa tun kafin a taɓa birkin. Jak ɗin da ke zuwa tare da mota an yi shi ne don sauya taya na ɗan lokaci, ba don mutum ya cusa kansa ko hannunsa a ƙarƙashin mota ba. Wasu suna kafa shi a kan rairayi, wasu kuma suna tokare motar da bulon siminti, wanda yake rugujewa ba tare da gargaɗi ba. A nemi wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, a tokare motar da ƙarfen da aka ƙera don wannan aiki, sannan a tura tayar da aka cire ƙarƙashin jikin motar.

Man birki shi ne inda aka fi tafka kuskure, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Mutum ya buɗe bonet ya ga man ya sauka a ɗan tankinsa, sai ya sayo gwangwani ya cika, ya ɗauka ya gama gyara. Alhali man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, hanyarsa a rufe take. Idan ya sauka, ɗayan biyu ne: ko fad, wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya don tsayar da mota, ya cinye har fistin da ke tura shi ya fito waje man ya bi shi, ko kuma akwai inda yake yoyo. Idan fad ne, ƙarin mai ya rufe maka alamar da motar ke ba ka, kuma ranar da aka sa sabon fad aka mayar da fistin ciki, man zai tumbatsa ya zubo, ya ci fentin duk inda ya taɓa. Idan kuwa yoyo ne, ka rufe ido a kan abin da zai iya raba ka da birki gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a leƙa bayan kowace taya a ga ko akwai jiƙa, a bi tiyo da bututun ƙarfe da ido, a duba ƙarƙashin feda a cikin mota, sannan a auna kaurin fad.

Akwai kuma halin ajiye ragowar man birki a but wata da watanni. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska, kuma gwangwanin da aka buɗe ya kwana cikin damina bai cancanci a zuba shi a mota ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, mizanin yana saukowa zuwa 140. DOT 4 kuma yana saukowa daga 230 zuwa 155. Wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Bauchi ya san amfanin waɗannan lambobi, domin tsakanin garuruwan biyu mota tana sauko da tudun kusan mita 600. Direban da ya sa mota a firi don tsimin fetur, ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangara, yana dafa man ne a hankali. Da zarar ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta nutse har ƙasa. Bayan rabin sa'a, idan komai ya huce, birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru, shi ya sa mutane da yawa ba sa gane musabbabin. Maganin shi ne a sauya man gaba ɗaya duk shekara biyu, kamar yadda yawancin masu ƙera motoci suke shawarta, kuma a sauko gangara da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar.

Nau'in man da mota ke sha yana rubuce a kan murfin tankin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, duk da kusancin lambar. Mafi muni shi ne zuba man giya ko man sitiyari ko baƙin mai, domin suna kumbura robobin da ke cikin masta (famfon da ke tura man idan an taka feda) da kalifa (ƙarfen da ke riƙe da fad a taya) har sai an sauya su duka. Ruwan sabulun da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare musu a daji kuwa, tsatsa yake bari a ciki, kuma yana tafasa tun a kusan digiri 100.

A wajen sauya fad, son sauƙi kan sa mutum ya sauya na taya ɗaya, wanda ya fi cinyewa, ya bar ɗayan. Sakamakon shi ne mota ta riƙa fizga gefe guda idan an taka birki da ƙarfi. Fad ana sauya shi ne hagu da dama tare. Sabo yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko milimita 3 lokacinsa ya yi, ba sai an jira ƙarfe ya fara gurzar ƙarfe ba. A riƙa duba na ciki, ba na waje kaɗai da ido ke gani ta tsakanin rim ba. Idan na ciki ya cinye na waje yana nan da kaurinsa, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun cije, abin da ƙurarmu ta rani ke yawan jawowa idan robar da ke rufe su ta yage. Sai an zare su an goge, an shafa musu giris na silikon wanda aka yi don birki. Giris na gama-gari yana kumbura robar, kuma ko ɗigonsa bai kamata ya taɓa fuskar fad ko faifai ba.

Faifan ma yana da iyakarsa, kuma mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi yana buge a jikinsa. Sabon fad a kan faifan da ya yi kwari-kwari asarar kuɗi ce. Kada a bar kalifa tana lilo a jikin tiyo yayin aiki, a rataye ta da waya, domin tiyon yana iya lalacewa ta ciki ba a gani ba. Kada kuma a hure ƙurar birki da baki ko da iskar mai faci, saboda wasu tsofaffin lainin da masu araha suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu; tsumma mai danshi ya wadatar. Masu Golf da Honda Accord da ke da faifai a baya su lura cewa a yawancinsu fistin baya murɗa shi ake yi yana shiga, wanda ya danna shi da ƙarfin tsiya zai lalata birkin hannu.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne wanda na taɓa yi da kaina. Na sauya fad ɗin gaba a ƙofar gida, na ɗaure komai, na sauke mota, na tayar da ita na sa ribas. Ƙofar gidanmu tana da ɗan gangare zuwa titi. Na taka birki, feda ta tafi ƙasa ba tare da ta riƙe komai ba, ga kuma yara biyu suna wucewa da tallan gyaɗa a bayana. Allah Ya kiyaye, hannuna ya kai ga birkin hannu kafin in kai gare su. Da na ba wani dattijon makanike labari a garejinsu, sai ya ce mini: "Malam, ai fistin da ka tura ciki bai dawo ba. Kafin ka taɓa makulli, ka yi ta taka feda har sai ta yi tauri." Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Tun daga ranar ba na sauke mota daga jak sai na taka feda sau da yawa ta cije, sannan in gwada birkin a hankali a layin da ba mutane. Sabon fad kuma yana buƙatar ya zauna a kan faifai, don haka a guji birkin gaggawa a kilomita 200 na farko, sai dai idan dole ta sa.

Cire iskar da ta shiga bututun birki aikin mutum biyu ne: ɗaya yana taka feda ya riƙe, ɗaya yana buɗe ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifa ya rufe kafin a saki. Idan aka saki feda notin yana buɗe, ko aka bar tanki ya ƙafe, iskar da ake kora ita za a sake shigarwa. A yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. Notin taya kuma ba a hawa kan sifana da ƙafa. A ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, domin ɗaurin da ya wuce kima yana iya karkatar da faifai. Na Corolla, alal misali, Nm 103 ne kawai a ma'aunin ƙarfin ɗauri.

A ɓangaren fitila, kusan kowane kuskure daga wuri ɗaya yake tasowa: mutum ya ga haske ya ragu, sai ya nemi ƙwai mai ƙarfi maimakon ya nemi dalili. Ƙwan H4 da mota ke zuwa da shi wat 60 da 55 ne, H7 kuma wat 55. Ƙwai mai wat 100 yana jan wutar da ta kusa ninka wadda aka yi wayoyin dominta, sai soket ya narke, madubin cikin fitila ya dusashe, fiyus ya riƙa ƙonewa. Daga nan sai a ɗaura wa fiyus zaren waya ko takardar azurfa, a cire mai gadin da ke tsakanin mota da gobara. Sau da yawa ainihin matsalar tsatsa ce a wayar da ke manne da jikin mota, wadda masu wayarin ke kira at, ko kuma gilashin fitila ne rana ta mayar da shi rawaya. Gilashin motocin yanzu roba ce mai tauri. Man goge baki yana haskaka shi na 'yan makonni kawai, fetur da tina kuwa tsattsaga shi suke yi. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a goge shi da samfefa da ruwa, daga lamba 800 zuwa 1500 zuwa 2000, a yi masa folish, sannan a shafa maganin da ke kare shi daga rana. Idan ƙwai yana yawan mutuwa, a auna wutar caji: tsakanin bolt 13.8 da 14.4 ya kamata ta tsaya idan inji yana aiki. Kada kuma a riƙe gilashin ƙwan halojin da yatsa, domin maiƙon fata yana rage masa kwana, kuma a mayar da murfin bayan fitila, in ba haka ba ƙura da ruwan sama su shiga.

Farin ƙwan LED da ya cika kasuwa yana da tasa matsalar. Madubin fitilar halojin an ƙera shi ne bisa wurin da zaren ƙwan yake zaune daidai. Ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wurin daban yana watsa wuta sama da gefe, direba ya ga kamar gari ya waye a gabansa, amma nesa ba ta haskaka ba, mai tahowa kuma ya makance na ɗan lokaci. A kan hanyar Alkaleri ko ta Ningi, inda mota ke gilma wa mota ba shinge a tsakani, ga masu babur da shanu a gefen titi, wannan zalunci ne ko da ba a nufa ba. Cikin hazon hunturu ma farin haske mai watsuwa dawowa yake yi idon mai shi, kamar yadda doguwar fitila ke yi. Gajeriya ita ce ta hazo.

Saita fitila aiki ne na minti goma da kusan kowa yake tsallakewa. A tsayar da mota a wuri miƙaƙƙe, mita 10 daga bango, iskar tayoyi daidai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a bango a wannan tsayin. Idan an kunna gajeriya, bakin hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da layin, wato kashi 1 cikin ɗari, kuma galibi wannan lamba tana rubuce a jikin fitilar. Sukurorin saiti suna bayanta, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gefe. Mai sayen fitilar Beljiyam ya ƙara lura da wani abu: tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka bakin hasken ya kamata ya ɗaga ta dama, wajen kafaɗar titi. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan ta hagu take ɗagawa, kai tsaye cikin idon mai tahowa, kuma babu sukurun da zai gyara wannan, sai dai a mayar wa mai shago.

Fitila ɗaya da ta mutu ba abin da za a ɗage zuwa ƙarshen wata ba ne, domin da dare mai tahowa babur yake zaton ya gani, ya matso tsakiyar titi. Fitilun baya kuma direba ba ya ganinsu, sai ya sa wani ya tsaya a baya yana taka birki. Ƙwan baya mai zare biyu, wat 21 da 5, ƙusoshinsa ba a tsayi ɗaya suke ba, kuma wanda ya cusa shi a juye zai ga wutar birki ta yi rauni, ta dare kuma ta yi ƙarfi, har na bayansa ya kasa gane lokacin da ya taka birki. Idan ƙwan ya ƙi murɗuwa cikin sauƙi, a zare shi a juya shi a sake sawa.