Kafin ka ci bashin karatun injiniya, yi wannan lissafin

Iyaye da ɗalibai masu shirin shiga injiniya a jami'ar Aliero ta jihar Kebbi, ku ɗauki biro. Ku haɗa duk bashin da za a ci, ku raba shi da kashi 10 cikin 100 na albashin da ake sa ran samu. Abin da ya fito shi ne yawan watannin biya.

Dalili kuwa, bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, ba ruwa a kansa, kuma kashi 10 ake cira daga albashi, bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa.

Injiniya shekara 5 ce. Kuɗin kashewa da NELFUND ke bayarwa naira 20,000 ne a wata. In ka karɓa wata 12 kowace shekara, ya kama 1,200,000, ba a ma sa kuɗin makaranta ba. A ce albashin farko 150,000 ne, za a riƙa cire 15,000. Wata 80 ke nan, shekara 7 ba wata 4.

Saboda haka in gidanku na kusa, ko akwai mai ciyar da kai, karɓi na rajista kawai, ka bar na kashewa.

Kada ka yi lissafin da albashin kamfanin mai. Yi da mafi ƙanƙantar abin da ka san injiniyoyin garinku na ɗauka.

Lissafin yana rushewa in yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa ya ƙara maka shekara. Haka in sana'ar kanka za ka kama, kamar haɗa sola ko gyaran injin casar shinkafa, don riba ba ta da tsayayyen adadi.

Sannan ka tabbatar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta amince da kwas ɗin kafin ka cike fom.