Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta sakamakon bincike

Maraɗi ba baƙuwar bincike ba ce. Ga cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Tarna, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga gonakin gwaji na gero da wake da gyaɗa a ƙauyukan jihar. Mutum zai kwashe damina guda yana shuka, yana awo, yana cika littafi da alƙaluma, amma idan ya zo rubuta abin da ya gano sai aikin ya sukurkuce. Wannan yana damuna ƙwarai, don wahalar ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne a faɗi abin da aka gani ta yadda wani zai iya bin sawu ya tabbatar.

A fara da ma'auni, don nan aka fi zamewa. Manomi zai ce maka ya sami dami kaza, ko tiya kaza, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai damin wannan gida ba shi ne damin wancan ba, tiya ma wani yana yi mata tozo, wani yana shafewa. Idan ka rubuta dami a rahoto ba tare da ka ɗora wasu a kan sikeli ka faɗi nauyinsu ba, babu wanda zai iya gwada sakamakonka da na wani. Mai da komai kilo a hekta, ka bayyana yadda ka yi lissafin. Ka kuma faɗa ko zangarniya ka auna ko tsaba, ɗanya ko bayan ta bushe. Dubi wannan: filin gwaji mai mita 5 a kan mita 5 murabba'in mita 25 ne, hekta kuwa 10,000, wato za ka ninka sau 400. Kuskuren giram 100 a kan sikeli ya zama kilo 40 a hekta ke nan. Shi ya sa girman fili da yawan maimaicin gwaji dole su fito fili.

Haka zancen kashi cikin ɗari. A ce ka rubuta kashi 60 cikin 100 na manoma suna ajiye wake a buhun PICS, wato buhun ajiya mai hana iska shiga. Manoma nawa ka tambaya? In goma ne, mutum shida ke nan, gara ka rubuta shida cikin goma. Matsakaicin adadi ma kada ya tsaya shi kaɗai, a nuna tazarar da ke tsakanin filin da ya fi bayarwa da wanda ya gaza.

Wani kuskuren shi ne cakuɗa abin da aka gani da abin da ake zato. Babin sakamako na abin da awo ya nuna ne kawai. Dalili, da gwadawa da aikin wasu, wurinsu babin tattaunawa. Ko a can ma a yi hattara da kalmar "saboda". Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau, to, amma dabbobi suna kwanciya a inuwarsa da rani suna zubar da kashi. In ba ka raba waɗannan biyun a gwajinka ba, rubuta cewa an ga geron ya fi kyau a wurin, kada ka yanke hukunci a kan dalili.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓoye abin da bai yi ba. Murzuna ta cinye fili biyu, ko ƙuduji ya mamaye wani, ko takin da aka sa rai da shi bai kawo wani bambanci ba, sai marubuci ya share su don tebur ya yi kyau. Wannan ha'inci ne, kuma wanda zai kwana ciki shi ne manomin da za a ba shawara da wannan takarda ya sayi taki da kuɗin guminsa. Rashin bambanci ma sakamako ne. In ka cire wani fili daga lissafi, faɗi wanne ne da dalilin cire shi.

Sai faɗaɗa magana fiye da inda bincike ya kai. Gwajin damina ɗaya a fadamar Gulbin Maraɗi ba ya magana da yawun jigawar Dakoro, inda ruwa ya fi ƙaranci. Rubuta wuri, shekara, irin ƙasa, irin da aka shuka (ingantaccen irin gero na HKP ne ko na gida), da ruwan da aka samu a waccan daminar, sannan ka tsaya nan.

Tebur kuwa a ba shi lamba da take da ma'auni, kada a sake karanto duk alƙalumansa a cikin rubutu, a ɗauko biyu ko uku masu muhimmanci. Kafin ka miƙa wa malaminka, ba wani abokin karatu da bai je gonar ba ya karanta, ka ce ya faɗa maka abin da ka gano. Duk inda ya tsaya yana tambayarka, koma ka gyara wurin.