Kwamfutata ta riƙa mutuwa bayan na sauya furosesa

Na cire Ryzen 5 3600 na sa Ryzen 7 5800X3D, sai kwamfutar ta riƙa ɗaukewa ɗif da zarar wasa ya yi zafi. Da farko na zaci dumsor ne, wato ɗaukewar wutar lantarki, amma ga fanka na juyawa a ɗakina a unguwar Nima, Accra.

Sai na duba takardar da ke jikin akwatin da ke ba kwamfutar wuta. An rubuta wat 450, amma layin 12V, wanda furosesa da katin hoto ke jan wuta daga gare shi, amfiya 28 ne kawai, wato wat 336. Sabon furosesan kan ja har wat 142, katin hotona RTX 3060 kuma 170. Sun cinye 312 ke nan, ba a zo kan fankoki da diski ba.

Na je kasuwar Circle na sayo akwatin wuta mai wat 650. Tun ranar ba ta sake mutuwa ba.