Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki

Yawancin asibitoci suna farawa ne da ware ɗaki, su zaunar da mai ba da shawara, su ce an haɗa. Da sauran aiki. Muddin likita na rubutu a katinsa, mai ba da shawara a nasa, mai ciwon suga da damuwa ta addaba zai yi ta kai-komo tsakanin mutum biyu da ba sa magana da juna. A mayar da katin ɗaya, kuma likita ya raka majinyacin da ƙafarsa ya gabatar da shi ranar. Wanda aka ce ya dawo mako mai zuwa, sau da yawa an rabu ke nan.

Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne gwaji ba bibiya. A cike takardar auna damuwa ta PHQ-9, mai tambaya 9 da maki daga 0 zuwa 27, sannan a jefa ta cikin fayil. Tambaya ta tara ma kan tunanin kashe kai take, don haka kada a fara raba takardar sai an san wanda zai tashi tsaye idan aka amsa da e. Binciken IMPACT da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bibiyi tsofaffi 1,801 masu fama da damuwa. Bayan shekara, damuwar kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka kula da su ta tsarin haɗin gwiwa ta ragu da rabi, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kashi 19 kawai. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Ma'aikaci guda aka ɗora wa rajistar majinyata yana kiransu, likitan ƙwaƙwalwa na duba ta duk mako, wanda bai samu sauƙi ba a sauya masa magani. Wannan za a kwaikwaya.

Wasu kuma sun naɗe hannu sai an turo musu likitan ƙwaƙwalwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a Zimbabuwe kuma likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda kakanni mata ya horar su riƙa ba masu damuwa shawara. Sai dai horon kwana kaɗan ba tare da mai sa ido ba, saurin dusashewa yake.

Sai kuɗi. Kiran waya da zaman duba rajista aiki ne mai cin lokaci, dole a sa shi cikin kasafi tun farko, ba a jingina shi da tallafin da zai ƙare ba. A Amurka ma sai 2017 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, ya fara biyan kuɗin irin wannan aiki.