Katin taɓawa a ofishin ƙungiyar gama-kai: yadda za a kafa shi ba tare da an tona asirin mambobi ba

Da zarar ƙungiyar ajiya da lamuni ta haura mambobi ɗari biyu, littafin zubi yakan fara ba ma'aji wahala. Masu suna ɗaya sun yi yawa a rajista, wani littafinsa ya jiƙe da damina, wani gara ta ci rabinsa, ga layi ranar kasuwa har bakin hanya. Shi ya sa idan mai sayar da manhaja ya zo da katin da ake ɗorawa a kan na'ura sunan mutum ya fito nan take, kwamiti kan yi saurin amincewa. Katin yana da amfani, musamman a ƙauyukan Kano da Jigawa inda ƙurar hunturu ke toshe duk na'urar da ake cusa wa kati a rami. Amma a garin da kowa ya san gidan kowa, mutum ya fi tsoron a san abin da ya tara ko bashin da ake bin sa fiye da ɓata awa guda a layi. Wannan bayani na shugaba ne da sakatare da ma'aji, su karanta kafin su biya ko sisi.

Katin ba shi da batir. A cikinsa akwai 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ba ta fi ƙwayar gero ba, da siririyar waya da aka naɗe zagaye da gefensa, ita ce eriya. Na'urar karatu tana fitar da siginar rediyo, eriyar ta samu wuta daga nan, ƙwaƙwalwar ta farka ta amsa. Katin bai san hannun wa yake ba, kuma zai amsa wa duk na'urar da ta kira shi, sai dai in an sa masa makulli, wato jerin haruffa da lambobi na ɓoye da dole na'ura ta sani kafin katin ya buɗe mata bayanansa.

Wane kati za a saya

Iri uku ne a kasuwa, kuma a ido duk fararen roba ne masu girman katin banki. Na farko mai aiki da siginar rediyo ta kilohaz 125, irin su EM4100 da ake buɗe ƙofar ofis da su. Shi ne mafi araha, amma lamba ɗaya kawai yake furtawa, ba makulli, kuma da 'yar na'urar hannu ana kwafe shi a kan wani katin cikin daƙiƙoƙi. Bai dace da wurin da ake taɓa kuɗi ba.

Na biyu mai dogon zango, tsakanin megahaz 860 zuwa 960, wanda ake liƙa wa kaya a manyan rumbuna. Ana karanta shi daga nisan mita da yawa, yana cikin aljihu. Wasu za su ce ku sa na'urarsa a bakin ƙofa don ma'aikaci ya ga sunan mamba tun kafin ya zauna. Ku ƙi. Wannan na nufin ƙungiya tana rubuta shige da ficen mutane ba da saninsu ba, har wanda ya biyo ta gaban ofis zai je masallaci.

Na uku shi ne mai megahaz 13.56, wanda ba ya karantuwa sai an kusanto da shi kamar santimita goma ko ƙasa da haka. Shi ne ya dace, domin mamba da hannunsa yake ɗora shi. Sai dai a cikinsa ma akwai bambanci. MIFARE Classic na kamfanin NXP ya cika kasuwa, amma tun 2008 masu bincike a jami'ar Radboud ta ƙasar Holan suka nuna yadda ake fasa makullinsa, kuma yau kayan yin hakan ba su da wuyar samu. Abin da ya fi muni, da yawa ana raba su da makullin da suka zo da shi daga masana'anta, wato harafin F sau goma sha biyu, wanda kowa ya sani. Ku nemi MIFARE DESFire EV2 ko EV3, masu makullin AES, wani tsarin kulle bayanai mai ƙarfi. Sun fi tsada, amma kati ne da mutum zai riƙe shekaru.

Ƙungiya mai mambobi 300 ta sayi kati 330, saboda ɓata da lalacewa. Kowane reshe na'urar karatu biyu, ɗaya tana aiki ɗaya a ajiye, da ɗan allon danna lamba mai murfi a gefe, da kwamfuta ko wayar Android mai NFC, wato mai iya karanta katin taɓawa, wadda ta ofis ce kawai, ba ta aljihun sakatare ba. Sai sola da batirin da zai ɗauki yini guda na ranar kasuwa.

Abin da ke kan katin

A nan yawancin kuskure yake. Kada a rubuta suna, lambar waya, NIN, BVN ko adadin ajiya a cikin ƙwaƙwalwar katin. Abin da zai ɗauka shi ne lamba guda wadda ba ta da ma'ana ga kowa sai kwamfutar ƙungiya, kuma kada ta zama mai bin jeri kamar 001, 002, domin wanda ya san tasa zai iya hasashen ta maƙwabcinsa. Duk sauran bayani yana cikin kwamfuta, a kulle. In kati ya faɗi a kasuwar Wudil ranar Juma'a, wanda ya tsinta bai tsinci komai ba.

A bayan katin ma haka. Sunan ƙungiya da lambar wayar ofis don mayar da tsintuwa sun isa. Hoton mamba ya fito a allon ma'aikaci idan an ɗora katin, ba sai an buga shi a roba ba. Da yawa daga matan aure ba za su so hotonsu yana yawo a hannun yara ba, kuma suna da gaskiya.

Za a ce muku babu sabis a ƙauye, don haka dole a ajiye adadin kuɗi a kan kati. Ba dole ba ne. Manhajar tana iya aiki a kan kwamfutar reshe ba intanet, da yamma a haɗa lissafi da hedikwata. Ƙa'idar da ke tafiya da wannan ita ce, zubi a kowane reshe, amma cirewa sai a reshen da mamba yake rajista, in ba haka ba mutum zai cire a Gumel da safe ya sake cirewa a Maigatari da azahar kafin lissafi ya haɗu.

Kafin ku biya kuɗin kaya, ku yi gwaji a gaban mai sayarwa. A sauke manhajar NFC Tools ko NXP TagInfo a waya mai NFC, a ɗora katin gwaji da aka riga aka yi wa rajista a bayanta. TagInfo zai faɗi ainihin nau'in katin, ku gani ko DESFire ne da gaske. In suna ko kuɗi ya fito a wayar, a mayar da kayan. In wayar ba ta ga katin ba sam, mai yiwuwa na kilohaz 125 ne, ba wai ya fi tsaro ba. Sannan ku tambaye shi abu uku: shin manhajar tana tantance katin da makulli ne ko lambar da katin ya zo da ita daga masana'anta kawai take karantawa? Kowane kati da makullinsa daban, ko ɗaya ne ga duka? Wa ke riƙe da babban makullin da ke iko da dukkan katunan? Tambaya ta farko ita ce mafi nauyi, domin akwai na'urori masu araha da aikinsu kawai su rubuta lambar masana'anta a cikin Excel, ita kuwa wannan lambar ana iya kwaikwayonta, ko da katin mai tsada ne. Babban makulli kuma na ƙungiya ne. A rubuta shi kashi biyu a ambulan biyu, shugaba ɗaya, wani amintaccen ɗan kwamiti ɗaya, kada ranar da kuka rabu da mai manhaja katunanku su zama robar banza.

Rabon kati da lambar sirri

A fara da babban taro, a bayyana da Hausa abin da za a tattara da dalilinsa da waɗanda za su iya gani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi ƙungiyar gama-kai kamar yadda ta shafi banki. Ta ba mamba haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa, da neman a gyara kuskure, da janye amincewarsa. Takardar amincewa shafi ɗaya ta isa, a boko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu kafin ya dangwala. Matan da ba sa fita, mace ce daga ma'aikata za ta bi su gida.

Kati shi kaɗai ya isa a yi zubi, tun da ba wanda zai saci kati don ya ƙara wa mai shi kuɗi. Cirewa, karɓar lamuni da tambayar abin da ya rage kuwa, sai da lambar sirri mai lamba huɗu wadda mamba zai danna da kansa. Manhaja ta ƙi karɓar 1234 da 0000, ta kulle katin bayan kuskure uku. Dattijon da bai saba ba a ba shi lokaci ya gwada a na'urar da ke ajiye har hannunsa ya faɗa. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ma'aikaci ya ce "Baba, faɗa min in danna maka", domin daga ranar lambar ta daina zama sirri. Ko katunan banki na taɓawa, Babban Bankin Najeriya a 2023 ya sa musu iyakar naira 15,000 a ciniki ɗaya da naira 50,000 a rana, abin da ya haura haka sai an tantance mai katin.

Wasu za su so zanen yatsa a madadin lamba. Dokar kare bayanai ta sa shi cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma yatsan manomi da ya sha fartanya yakan ƙi karantuwa. Lambar sirri in ta fita ana canza ta, yatsa ba a canzawa.

Aike al'adarmu ce, don haka a tsara shi. Hajiya za ta ba jikanta kati da kuɗin zubi, ba laifi, amma rasit ɗin da zai dawo da shi ya nuna abin da aka zuba a ranar kawai, ban da jimillar ajiya. Wadda ke son wani ya riƙa cire mata, a rubuta wakilinta a rajista, a ba shi nasa katin da tasa lambar da iyakar kuɗin da ita ta yanke. Miji, ɗa, mai unguwa ko ɗan kwamiti da ya zo tambayar asusun wani, amsa ɗaya ce: sai mai shi ya zo, ko takardar kotu. Saƙon waya ma sai an tambaya, saboda a gidaje da dama waya ɗaya ce, kuma saƙon shigar kuɗin kishiya ya isa ya hana gida barci.

Zaman ofis

Asirin da ke fita ta baki da ta allo ya fi wanda ke fita ta rediyo yawa nesa ba kusa ba. A juya allon kwamfuta ya kalli bango, ba taga ba. Benci na masu jira ya yi nisan mita biyu daga tebur, mutum ɗaya a gaba. Ba a kiran adadin kuɗi da murya, a rubuta a guntuwar takarda ko a nuna a allon lamba. Kowane ma'aikaci da nasa sunan shiga, kuma manhaja ta riƙa rubuta wanda ya buɗe asusun wa da ƙarfe nawa, kwamitin bincike ya duba duk wata. Asusun mutum kada ya buɗu sai katinsa yana kan na'ura, in ban da ma'aji lokacin rufe lissafi. Jerin masu bashi ba ya shiga zauren WhatsApp na ƙungiya, ko da sunan tunatarwa ne. In ana son a riƙa ɗaukar sunayen mahalarta taro da katin, wannan wata bukata ce daban, sai an sake neman yardar mambobi.

Duk Alhamis ko ranar da kuka zaɓa a kwafi bayanai a filas biyu masu makulli, ɗaya a akwatin ofis ɗaya a wani gini daban.

Matsalolin da za ku gamu da su

Mafi yawan katin da ya mutu, huda shi aka yi don a rataya a wuya, hudar ta yanke eriya. Ku raba shi a cikin 'yar jakar roba mai igiya. Sai wanda ya lanƙwashe a aljihun baya a kan babur, da wanda aka bari a rana ya kumbura. In na'ura ta ƙi karatu a kan teburin ƙarfe, ƙarfen ne ke shanye siginar, a sa katako mai kaurin yatsa biyu a ƙarƙashinta. In mamba ya ɗora walat gaba ɗaya da katin banki a ciki, katunan biyu za su amsa tare, sai ya fito da na ƙungiya shi kaɗai. In zubi yana shiga sau biyu, an bar katin a kan na'ura ne, a sa manhaja ta nemi ma'aikaci ya tabbatar kafin ta rubuta. Kwanan wata da ya koma baya bayan wuta ta ɗauke alama ce ɗan batirin agogon kwamfuta ya mutu, a canza shi nan da nan, domin rasit mai kwanan ƙarya ba ya raba gardama.

Mai fargabar a karanta katinsa a cunkoson kasuwa ya naɗe shi da takardar alminiyam, tana tare siginar.

Kati in ya ɓace, a soke shi a ranar da aka kawo rahoto, a sanar da sauran rassa ta waya kafin yamma, sabon kuma ya zo da sabuwar lamba. Idan kwamfuta ko filas aka sace, ko aka gano ma'aikaci ya fitar da jerin mambobi, kuma abin zai iya cutar da su, doka ta ba ƙungiya awa 72 daga lokacin da ta sani ta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Mambobin da abin ya shafa a faɗa musu kai tsaye, a canza musu lambobin sirri. Mamba in ya rasu, a kulle katinsa da na wakilinsa da zarar labari ya iso ofis, kuma ba a faɗa wa kowa abin da ya bari sai wanda magada ko kotu suka wakilta a rubuce.