Darasi na Bakwai: Jiƙa Kaza a Ruwan Gishiri Kafin Gashi ko Suya

Kazar da aka gasa ko aka soya takan fito da aibi biyu. Na farko, tsokar ƙirji ta bushe, mai ci sai ya kora da ruwa. Na biyu, bayanta ya ji gishiri da yaji, amma da an kai ga naman kusa da ƙashi sai a ji shi lami. Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma yana cikin kowane madafi: gishiri da ruwan sanyi, sai ɗan lokaci da za a ba su su yi aikinsu tun kafin a hura wuta.

Abin da gishiri ke yi wa nama

Naman kaza zare-zare ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Idan zafin wuta ya ratsa shi, zaren sai ya ɗaure ya matse ruwan waje, kamar yadda ake murɗe tsumma bayan wanki. Ruwan nan da kuke ji yana ɗiga a kan garwashi yana cuu, daga cikin naman yake fita, kuma ba ya komawa.

Gishiri idan ya samu lokaci yana shiga cikin tsoka a hankali, ya sassauta zaren. Zaren da ya sassauta ba ya matsewa da ƙarfi a wuta, saboda haka ruwan da zai zube ya ragu. Ban da wannan, naman yana shan wani abu daga ruwan da aka jiƙa shi, har nauyinsa ya ɗan ƙaru. Shi ya sa ko an ɗan makara wajen saukewa, kazar da aka jiƙa ba ta saurin bushewa.

A lura da abu ɗaya. Gishiri ne kawai ke ratsawa can ciki. Citta, tafarnuwa, kanumfari da masoro, ƙamshinsu yawanci a fata da saman nama yake tsayawa. Ba laifi a zuba su a ruwan, amma kada a yi asarar kayan ƙamshi masu yawa a nan. Sun fi amfani idan aka shafa su bayan an tsame kazar.

Wace kaza ce ta fi buƙata

In kun je wajen 'yan kaji a Kano, a kasuwar Sabon Gari ne ko Rimi ko Tarauni, iri uku za ku tarar. Akwai kazar gidan gona ta nama, wadda ake yankawa tana 'yar sati shida zuwa takwas. Namanta laushi gare shi, ƙirjinta babba, kuma ita ce ke saurin bushewa da rashin ɗanɗano. Wannan darasi domin ita aka fi yin sa. Akwai tsohuwar kazar ƙwai da aka sallamo daga gona, akwai kuma kazar Hausa. Waɗannan biyun taurinsu na jijiya ne, ruwan gishiri kuwa ba ya narkar da jijiya. Zai sa musu ɗanɗano, amma laushi sai an ba su doguwar dahuwa. Wanda ya jiƙa tsohon zakara kwana guda yana zaton zai yi taushi a kan wayar gashi, ya ɓata gishirinsa.

Haka kuma in farfesu za a yi ko miya, ba a buƙatar jiƙo, tunda a cikin ruwa naman zai dahu. Gashi, suya da sakawa a oba, nan ne ake ganin bambanci.

Awo

Kowace lita ɗaya ta ruwa, babban cokali uku na gishiri. Cokalin a shafe, ba mai tozo ba: a cika shi, a bi samansa da bayan wuƙa. Babban cokali ɗaya na gishirin leda mai laushi yana kai wajen giram 18, uku ke nan sun ba da giram 54, wato gishiri kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na ruwan. Wanda ba shi da kofin awo ya yi amfani da ruwan leda, domin kowace leda rabin lita ce. Leda biyu, cokali uku. Leda huɗu, cokali shida.

Kaza guda mai kilo ɗaya da rabi takan buƙaci lita biyu kafin ruwa ya rufe ta, in mazubin bai cika faɗi ba. Ruwan ake aunawa gishiri, ba kazar ba. In lita biyu ba ta rufe ba, kada a ƙara ruwa zalla, a haɗa wata rabin litar da cokali ɗaya da rabi a zuba.

Gishiri mai tsakuwa bai kai mai laushi nauyi a cokali ba, saboda akwai sarari tsakanin ƙwayoyinsa. In shi ke gare ku, ku daka shi tukuna ku auna. Kanwa kuwa ba ta shiga wannan aiki ko kaɗan. Masu so suna ƙara sukari babban cokali ɗaya a kowace lita, don fata ta yi ja mai kyau. A oba wannan yana da kyau, amma a kan garwashi mai ƙarfi sukari na sa fata ta ƙone tun ciki bai nuna ba, don haka mai gashin gawayi gara ya bar shi.

Yadda ake yi

Bayan an yanka an fige an cire kayan ciki, a wanke kazar, a duba cikinta sosai a ƙwaƙule huhu da guntun jinin da ke manne a ƙashin baya. Hanta da ƙundu a ware su daban, ba a jiƙa su.

A samu roba mai murfi, ko kwanon tangaran, ko leda mai kauri sabuwa wadda ba ta yoyo. Tukunyar dalma ba ta dace ba, domin ruwan gishiri in ya daɗe a cikinta yana cin jikinta, naman kuma ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. A zuba ruwan da gishirin a juya har sai an daina jin tsakuwa a ƙasa. Wasu kan narkar da gishirin a kofi ɗaya na ruwan zafi don ya yi sauri. In an yi haka, dole a bari ya huce sarai kafin kaza ta shiga. Ɗanyen nama a ruwan ɗumi gayyatar cuta ne.

A nutsar da kazar, ruwa ya shiga cikinta ya kuma rufe bayanta. In tana tasowa, a danne da faranti. A rufe, a sa a sanyi, a duba agogo.

Tsokar ƙirji marar ƙashi, minti 30 zuwa awa 1 ya ishe ta. Yankakkiyar kaza mai ƙashi, cinyoyi da fukafukai, awa 1 zuwa 2, kada ta wuce 4. Kaza sukutum, awa 4 zuwa 8, iyakarta 12. Wadda za a gasa da la'asar, in an jiƙa ta da hantsi ya yi daidai. Wannan jiran yana da wata riba kuma. Kazar da aka yanka yanzu-yanzu jikinta kan sandare na wasu awoyi, in aka sa ta a wuta a lokacin tauri take yi. Zamanta a sanyi yana ba naman damar saki.

Da lokaci ya cika a tsame, a ɗauraye da ruwa sau ɗaya, a sa a kwando ta tsane, sannan a goge ta da tsumma mai tsabta ciki da waje har fatar ta daina ƙyalli. Kada a tsallake gogewar nan. Jiƙaƙƙiyar kaza in ta faɗa tafasasshen mai, man yana fallatsa ya ƙona hannu da fuska. A kan garwashi kuma turara take yi, fatar ta fito fari fat tana danƙo. In akwai firij, a bar ta a buɗe a ciki kamar awa ɗaya bayan gogewa, fatar ta sha iska, za ta fi yin ƙaras-ƙaras.

Maganar sanyi, wadda ita ce babba a Kano

Gishirin da ke cikin wannan ruwa bai kai yawan da zai hana nama lalacewa ba. Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa amai da gudawa da zazzaɓi, kuma a zafi suke hayayyafa. Sai sanyi ya kai digiri 4 ko ƙasa da haka suke lafawa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A bazarar Kano, watannin Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40. Ko a lokacin hunturu ma, rana tsaka ɗakin girki bai yi sanyin da za a bar kaza a ruwa ba.

Firij kuma sai da wuta, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da ya fi tabbas shi ne kula da ƙanƙara. A zuba kazar da ruwan gishirinta a leda mai kauri, a fitar da iska, a ƙulle, a sa a cikin kula, a kewaye ta da ƙanƙarar leda sama da ƙasa, a rufe. Kada a fasa ƙanƙarar a cikin ruwan gishirin, don in ta narke za ta tsinka shi, awon ya rushe. Bayan awa uku a leƙa. Muddin akwai sauran ƙanƙara da ba ta narke ba, kuma ledar na cizon hannu don sanyi, lafiya lau. In ta narke duka, a ƙara wata ko a tsame a dafa nan take.

In babu firij babu ƙanƙara, a yayyanka kazar ƙanana, a jiƙa a ruwan randa minti 30 zuwa 45, a sa a wuta. Kaza sukutum kam kada a gwada ta ba sanyi.

Ruwan da aka tsame kaza a zubar da shi a magudana. Ba a sake jiƙa wata a ciki, ba a zuba shi a miya. Roba, wuƙa, katako da hannu duk a wanke da sabulu kafin a taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye.

Wajen dahuwa

A nan aka fi yin ɓarna, saboda hannu ya saba. Kazar ta riga ta sha gishirinta, ba a ƙara mata. Dunƙule ma gishiri ne mai yawa a cikinsa, haka yajin ƙuli na kasuwa, galibi an riga an daka shi da gishiri da dunƙule. Wanda ya jiƙa kaza, ya murtsuka mata dunƙule uku, ya bulbule ta da yajin sayarwa, zai ce darasin ne bai yi ba. A shafa citta, tafarnuwa, barkono da ɗan mai. Yaji a ajiye shi gefe, mai ci ya dangwala daidai bakinsa.

A gidaje da yawa an saba sulala kaza kafin a soya. Kazar gidan gona da aka jiƙa ba ta buƙatar haka, a soya ta kai tsaye a wuta matsakaiciya. In dai sai an sulala, a sa ruwa kaɗan ba gishiri, a kuma ɗanɗana romon kafin a juye shi a shinkafa.

Kaza ta dahu idan zafin cikinta ya kai digiri 74. Mai ma'aunin zafi ya soka shi a kaurin cinya, kada ya taɓa ƙashi. Wanda ba shi da shi ya tsaga cinyar daidai gaɓa ya duba: ruwan da ya fito ya zama garau ba ja, naman kuma ya daina sheƙi irin na ɗanye. Bayan an sauke a bar kaza sukutum ta huta minti goma kafin a yanka, in ba haka ba romon a faranti zai ƙare.

In gishiri ya zarce, wato an manta ta a ruwa ko cokalin ya yi tozo, za a ga naman ya yi santsi yana tauri kamar roba. Tun tana ɗanya a mayar da ita ruwan sanyi zalla na awa ɗaya, a canza ruwan sau ɗaya. In an riga an dafa, a yagalgala naman a zuba a dafa-duka ko miyar da ba a sa wa gishiri ba.

Hanyar da ba ruwa

Mai firij da wutarsa ke zama yana iya barin ruwan gaba ɗaya. Kowane kilo ɗaya na kaza, ƙaramin cokali ɗaya da rabi na gishiri. A goge kazar ta bushe, a shafa gishirin ko'ina, har ƙarƙashin fatar ƙirji da cinya, a ɗora a faranti a sa a firij ba rufi, a can ƙasa yadda ruwanta ba zai ɗiga kan wani abinci ba. Cikin minti goma na farko za a ga ruwa ya tsattsafo a jikinta. Kada a dafa a wannan lokacin. Ruwan zai narkar da gishirin, sannan naman ya sake shanye shi. Yankakkiya tana son aƙalla awa ɗaya, sukutum kuwa daga dare zuwa washegari. Ba a ɗauraye ta. Fatar wannan ta fi ta jiƙo ƙaras-ƙaras, kuma hanyar ba ta cin wuri.

Gidan da akwai mai hawan jini ko ciwon ƙoda a yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, a duk abincinsa. A cire masa nasa yankin tun kafin a jiƙa sauran.

Aikin aji

1. Kuna da ruwan leda shida. Lita nawa ke nan, kuma cokali nawa na gishiri za ku zuba?
2. An jiƙa kaza sukutum da ƙarfe 9 na safe. In awa 6 za ta yi, ƙarfe nawa za a tsame ta?
3. Kaza ce mai kilo biyu, za a yi mata hanyar da ba ruwa. Ƙaramin cokali nawa take buƙata?
4. Ku rubuta a littafinku abin da za ku yi idan an ɗauke wuta bayan kun sa kaza a ruwa.