Yadda Ake Gyara Kuskuren gcc Wajen Kiran Ayyukan Linux

Ɗalibai da dama a nan Yamai masu koyon harshen C sun sha tambayata dalilin da ya sa gcc, wato manhajar da ke harhaɗa shirin C, ke ƙin harhaɗa shirinsu da zarar sun kira ayyukan Linux kamar fork ko read. Ga matakan da nake bi.

1. Ku karanta kuskuren farko kaɗai, domin sauran galibi daga gare shi suke tasowa.

2. Idan saƙon ya ce "implicit declaration", ku rubuta man 2 da sunan aikin da kuka kira, misali man 2 fork, don buɗe shafin bayaninsa.

3. Ku kwafi layin #include da shafin ya nuna zuwa saman shirinku. Fork da read suna buƙatar unistd.h, open kuwa fcntl.h.

Hattara: kan "implicit declaration", tsofaffin gcc gargaɗi kawai suke yi, amma tun daga gcc 14 na shekarar 2024 aikin yake tsayawa cak, kuma a ganina hakan ya fi alheri.

4. Idan kuna amfani da zaɓin -std=c99 (ƙa'idar C ta 1999) a umarnin gcc, ku sa #define _POSIX_C_SOURCE 200809L a layin farko.

Hattara: a nan aka fi yin tuntuɓe, domin idan layin ya zo bayan wani #include ba zai yi aiki ba.

5. Idan saƙon ya ce "undefined reference", ku ƙara -pthread ko -lm bayan sunan fayil ɗin, gwargwadon aikin da kuka kira: -pthread don ayyukan pthread, -lm don na lissafi.

6. Ku sake harhaɗawa da -Wall, zaɓin da ke sa gcc ya nuna ƙarin gargaɗi.